Darasi na Bakwai: Kotun Garinku da Kotunan da Ke Samanta

A da, alkalin gari yana ƙarƙashin sarki ne, En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, ke biyansa albashi. A shekarar 1967 gwamnatin soja ta yi dokar da ta soke kotunan En'e da na sarakuna a Arewacin Nijeriya, aka kafa kotunan Eriya, alkalai suka koma ma'aikatan gwamnati. Tun daga nan mai unguwa da dagaci da hakimi ba sa yanke hukunci. Sulhu suke yi, kuma sulhunsu na da amfani ƙwarai, don sau da yawa rigimar iyakar gona a zauren dagaci take mutuwa ba a kashe ko kwabo ba. Amma ba su da ikon ɗaure mutum.

Daga shekarar 2000, jihohi irin su Zamfara da Kano suka mayar da kotunan Eriya kotunan Shari'ar Musulunci. A Abuja da Kwara har yanzu sunan Eriya ake kiransu. Waɗannan kotunan ake kai maganar aure da saki, ciyarwa, riƙon 'ya'ya, rabon gado, bashi da gonar ƙauye. Akwai kuma kotun majistare, inda 'yan sanda suka fi kai masu laifi. Dukansu na jiha ne. Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Jiha ce ke ɗaukar alkalansu, ita ce kuma ke ladabtar da wanda ya kauce hanya.

A nan mutane kan yi asarar kuɗin mota: fili mai takardar mallaka da gwamna ya sa wa hannu, dokar amfani da filaye ta 1978 ta ce Babbar Kotun Jiha kaɗai ke jin shari'arsa. In ka kai shi ƙaramar kotu, ko ka yi nasara, za a iya rushe hukuncin a sama.

Yadda ake shigar da ƙara

Wurin rajistara ake farawa. Ka faɗi sunanka, da sunan wanda kake ƙara, da inda yake zaune, da abin da kake nema. Faɗi a taƙaice: "Na ba shi buhu uku na gero da damina, ya ce zai biya da kaka, bai biya ba." Tarihin gabar kakanninku ba ya cikin ƙara. Za a yanka maka kuɗin shigar da ƙara. Biya, ka karɓi rasit, ka duba ko adadin da ke jiki ya yi daidai da abin da ya fita daga aljihunka. Duk kuɗin da aka ce ba shi da rasit, ba na kotu ba ne.

Daga nan sai a rubuta sammaci, masinjan kotu ya kai wa wanda ake ƙara.

In kai aka kawo wa sammaci, kada ka cusa shi ƙarƙashin tabarma. Sammaci kira ne ka zo ka faɗi naka, ba hukunci ba ne. Nemi abu huɗu a jikinsa: sunan kotu, lambar shari'a, rana da lokaci, da sunan mai ƙara. Ƙin zuwa shi ke jawo a sa a kamo mutum, ko a ci gaba da shari'a ba ya nan.

A gaban alkali

Mai ƙara ke fara magana, sannan a juya ga wanda ake ƙara. Ƙa'idar ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Saboda haka ka zo da shaidunka, waɗanda suka gani da idonsu ko suka ji da kunnensu. Wanda zai ce "an ce mini" zai ɓata maka rana ne kawai. Takardar yarjejeniya, ko da a fallen littafin makaranta aka rubuta ta, in da sa hannun shaidu, tana da nauyi.

Kada ka katse abokin shari'arka, ko da ƙarya yake shararawa. Za a ba ka dama ka yi wa shaidunsa tambayoyi. Kafin hukunci alkali zai yi i'izari, ya tambaye ka ko kana da sauran magana ko wata hujja. Mutane da yawa kunya ko tsoro kan sa su ce "babu", sai sun fito ƙofar kotu su tuna da shaidan da ya rage. In akwai, faɗi a lokacin.

Ba dole ne sai da lauya ba. Wanda ake tuhuma da laifi kuma ba shi da hali, yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976.

In hukunci bai gamsar da kai ba

Ƙaramar kotu matakin farko ce. Samanta akwai Babbar Kotun Shari'a, wadda aka saba kira Afa. Daga can, maganar aure da gado da wasiyya da waƙafi takan tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ƙarƙashin Alkalin Alkalai. Hukuncin majistare kuwa Babbar Kotun Jiha ake kai shi. Bayan waɗannan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sai Kotun Ƙoli a Abuja.

Sai dai akwai wa'adi, galibi kwana 30 daga ranar hukunci. Wanda ya tsaya sai ya sayar da amfanin gona, zai tarar sai ya roƙi kotu ta ƙara masa lokaci, kuma tana iya ƙi. Ranar da aka yanke hukunci, a ranar za ka nemi kwafinsa wurin rajistara.

Aikin gida

Tambayi mai unguwarku sunan kotun da ta fi kusa da ku, ka rubuta shi a littafinka. A ƙasansa ka rubuta ƙarar bashi cikin jimla uku: me ka bayar, yaushe, a gaban wa. Gobe kowa zai karanta tasa a aji.