Darasi na Bakwai: Ciyawar Kaka da Gobarar Daji

Garin Dakwaro yana arewacin jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, kusa da kwarin Tarka, inda gonaki suke raguwa, filin kiwo yake farawa. Tun a shekarar 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa domin a bar wa dabbobi makiyaya. Saboda haka mutumin irin wannan gari yana da rumbu biyu: na hatsi da yake cikin gidansa, da na ciyawa da yake shimfiɗe a daji ba ƙofa ba makulli. Wannan darasi a kan rumbu na biyu yake.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar da aka fi tsoron wuta. Idan ruwa ya wadata, ƙarangiya da sauran ciyayi sukan yi kauri su haɗe da juna, sannan da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba sai su bushe ƙayau cikin makonni kaɗan. Daga nan iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, busasshiya, mai ƙarfi, kuma ita ce take ɗaukar tartsatsi guda ta mayar da shi gobarar da za ta cinye abincin garke na wata da watanni.

Wutar ba daga sama take faɗowa ba. Yawanci garwashin shayi ne da matafiyi ya bari bai binne ba, ko guntun taba, ko yaran da suka hura wa gafiya hayaƙi a rami, ko mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wutarsa. Duk wanda ya hura wuta a daji, wajibi ne ya share ciyawar da take kewaye tukuna, idan ya gama kuma ya rufe tokar da yashi, ya taɓa da bayan hannu ya ji ta huce kafin ya tashi.

Babban aikin da hukumar gari da ma'aikatan gandun daji suke jagoranta a wannan lokaci shi ne share hanyoyin tare wuta. Ana nome ciyawa har ƙasa a dogon layi mai faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye da inda iska take fitowa, domin idan wuta ta iso ta rasa abin ci. Akan yi aikin da hauya da manjagara, wani lokaci da gayya, wani lokaci kuma a biya ma'aikata kuɗin yini. Akwai kuskuren da ake yawan yi, wato a nome ciyawar a bar ta zube a kan layin. Wanda ya yi haka wahalar banza ya sha, don ya shimfiɗa wa wuta gada ce. A kwashe ta, a ɗaure, a kai gida. Abincin dabba ce, kuma tana da kuɗi a kasuwa idan bazara ta yi. Haka nan layin da aka share bara ba ya tsare bana, sai an sake bi ta kansa.

A cikin gari ma akwai abin lura. Kwashe shara aikin hukuma ne, amma kai ta inda aka keɓe aikin mai gida ne, kuma cinna wa juji wuta da rana tsaka, iska tana kaɗawa, ganganci ne. Harawa da kara da ake jibgewa a kan rumfa a nisanta su da madafa, haka ma kwalaben fetur na masu sayarwa a bakin hanya.

Bayan girbi ne ake bukukuwan aure da kokawa, kasuwannin dabbobi su cika, makiyayan da suka tafi arewa wajen taron lasar gishiri na garin Ingal da yake jihar Agadas a watan Satumba su fara gangarowa. Inda jama'a suka taru, masu tuya da masu tsire da masu shayi suna nan. Masu shirya taro su sanar da hukumar gari, su share filin, su ajiye gangar ruwa da tulin yashi kusa da masu wuta.

Idan kuwa wuta ta riga ta tashi, a fara da shela, a sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Amma motar kashe gobara tana iya kasancewa nesa ƙwarai, don haka mutanen kusa su ne na farko. A bugi wutar daga gefe da ɗanyen reshen sabara ko jiƙaƙƙen buhu, a watsa mata yashi, kada kowa ya tsaya a gabanta ta inda iska take tura ta. Wanda ta rutsa da shi ya nufi wurin da ya riga ya ƙone ko fili marar ciyawa. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi na kusan minti 20, kada a shafa masa man shanu ko toka ko ɗanyen ƙwai, kada a fasa bororon, a rufe da tsumma mai tsabta a kai shi asibiti.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta lamba 18 da hannunsa a bangon littafinsa, sannan ya auna mita 20 da taku a ƙofar gidansa, ya zo ya faɗa wa aji taku nawa ya samu.