Yadda ake kula da mai minshari bayan an yi masa tiyata

Sabbin nas-nas da ake turo mana ɗakin tiyata a nan Sakkwato kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe. Sun iya wankin ciwo, sun iya sa ƙarin ruwa, sun iya cika katin awo. Amma da zarar wanda aka fito da shi daga tiyata ya kama minshari da dare, sai su rubuta "yana barci lafiya" su wuce gado na gaba. Ke da za ki fara aikin dare, ki cire wannan daga ranki tun yanzu, domin minshari alama ce ta hanyar iska ta ƙuntace.

Akwai mutanen da in barci ya kwashe su, naman maƙogwaronsu yakan saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta manne kamar tiyo mai laushi da aka tsotsa. Numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi da ƙarfi. A gida wannan zabura ce take ceton sa, sau da yawa a dare ɗaya, ba tare da ya sani ba. Maganin sa barci na tiyata da alluran kashe zafi masu ƙarfi su ne suke danne zaburar. Yawancin masu wannan lalura kuwa ba a taɓa gano musu ita ba, don haka ba za ki gan ta rubuce a folda ba.

Aikin farko tun ranar da aka kwantar da shi ne. Akwai tambayoyi 8 da likitocin sa barci a Toronto ta Kanada suka fitar a 2008, ana kiran su STOP-Bang: minshari mai ƙarfi, yawan gajiya ko gyangyaɗi da rana, ganin numfashinsa na tsayawa cikin barci, hawan jini, ma'aunin ƙiba na BMI sama da 35, shekaru sama da 50, kaurin wuya santimita 40 ko fiye, da kasancewa namiji. Kowace "e" maki 1 ce. Daga 0 zuwa 2 haɗari kaɗan ne, 3 zuwa 4 matsakaici, 5 zuwa 8 babba. Tef ɗin tela ya isa auna wuya, kullum akwai ɗaya a aljihuna.

Kada ki tambayi mara lafiya ko yana minshari, ba ya jin kansa, dattijo ma sai ya ji kamar kin raina shi. Ki ja matarsa gefe, ko ɗan da ke kwana kusa da shi. "Hajiya, in Alhaji na kwana, shina minshari?" Amsar da nake nema ita ce irin wannan: "Wallahi Sista har zaure ana jin shi. Wani bi sai ya yi shiru, sai na taɓa shi kana ya ja numfashi." Kin ji haka, ki rubuta makin da jan biro a fuskar folda, ki kuma faɗa wa likitan sa barci da bakinki. Mata ma ki tambaya a kansu, musamman masu jiki da waɗanda al'ada ta ɗauke musu.

Da an fito da shi, kada ya kwanta rigingine sharaf. A ɗaga kan gado kimanin digiri 30, ko a kwantar da shi a gefe in irin aikin da aka yi ya ba da dama. Gadon da hannun ɗagawarsa ya lalace, a cusa filo biyu ko uku tun daga kafaɗa. In kai kaɗai aka tokare, haɓa za ta sauko kan ƙirji, hanyar iska ta ƙara matsewa. Gadonsa kuma ya zama na kusa da teburin nas, inda idonki ke kai, ko da sai an yi musayar gado da wani.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya, wato zagayen dare. Kuskuren da nake gani kullum shi ne nas ta iso gado, ta kunna tocila a fuskar mutum, ta kira sunansa, ta ɗaura masa abin awon jini, daga nan ta ƙirga numfashi. Duk abin da ta samu na mutumin da ke farke ne, alhali matsalar a cikin barci take. Ki iso a hankali, kada ki taɓa shi tukuna. Ki tsaya minti ɗaya cur kina kallon ƙirji da ciki, ba daƙiƙa 15 ki ninka da huɗu ba, don tsayawar numfashin tana iya faɗawa cikin sauran daƙiƙun da ba ki kalla ba. Abin da za ki gani wani lokaci shi ne ciki yana tashi yana sauka da ƙarfi, amma in kin kai bayan hannunki kusa da hanci babu iska. Minshari ya yanke, ɗaki ya yi tsit, sai kuma ya ja wani gurnani kamar an shaƙe shi. Wannan shiru ɗin ki ƙirga tsawonsa.

Bayan haka ki tashe shi. Wanda ya buɗe ido ya amsa miki daidai, da sauƙi. Wanda barci ke sake kwashe shi a tsakiyar magana, wannan kada a ƙara masa allura mai ƙarfi sai likita ya gan shi, ko da yana cewa ciwo na damun sa. Nauyin barci yakan riga raguwar numfashi bayyana. In numfashi ya sauka ƙasa da 10 a minti ki sa ido sosai ki sanar. Ya kai 8 ko ƙasa, ko ya ƙi tashi, ki jijjiga shi, ki ɗaga haɓarsa ki turo muƙamuƙi gaba, ki sa oksijin, ki aika a kira likita nan take. Ki san inda naloxone yake, wato allurar da ke karya ƙarfin alluran kashe zafi masu ƙarfi, tun kafin ki karɓi aiki.

Na'urar awon oksijin ta yatsa tana da amfani, ni a ganina kowace nas ta sayi tata, kuɗinta bai kai na atamfa mai kyau ba. Ƙasa da 90 cikin 100 abin tashi tsaye ne. Sai dai kada lambar ta ruɗe ki. Wanda ke kan oksijin yana iya nuna 96 alhali numfashinsa ya yi rauni, gurɓatacciyar iska tana taruwa a jininsa. Wani bincike na Jami'ar Michigan a Amurka a 2020 ya nuna na'urar takan ba da lamba sama da gaskiya a kan masu baƙar fata. Baƙin lalle, jan farce da yatsa mai sanyi su ma suna iya ɓata awon, ki canza yatsa.

Batun magani na likita ne, amma ke ce ke riƙe da sirinji. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin su pentazocine, pethidine, morphine da tramadol, duk suna rage numfashi. In aka haɗa su da masu sa barci irin diazepam ko promethazine a jikin mai irin wannan lalura, haɗarin ya ƙaru ƙwarai. Paracetamol a kan lokacinsa, da diclofenac ga wanda ƙoda da cikinsa suke lafiya, suna rage buƙatar masu ƙarfin. Mai jinya kuma, da yake zafin watan Afrilu kan kore su zuwa baranda, ki roƙe shi ya kwana kusa da gado: "Malam, in ka ji minsharin Baba ya yanke ya yi shiru, ka tashe shi ka kira ni. Kuma kada a ba shi wani maganin barci daga gida."

Kada ki saki jiki don daren farko ya wuce. Barci mai mafarki, wanda jiki ya fi saki a cikinsa, yakan dawo da ƙarfi wajen dare na uku, kuma tsayawar numfashi takan ƙaru a lokacin. Ki faɗi makinsa a kowace miƙa aiki.

Wanda ke da na'urar CPAP a gida, wato mai hura iska ta hanci don hanyar iska ta zauna a buɗe cikin barci, kodayake kaɗan ne a nan, ya zo da ita, ki tabbata soket ɗin gadonsa yana kan layin janareta. Kafin sallama a cire oksijin, a bar shi ya yi barci ba mai damun sa, a ga ko awonsa ya tsaya inda yake kafin tiyata. A gida ya riƙa kwanciyar gefe, ban da maganin barci, kuma mai maki 5 zuwa sama ki nemi likita ya rubuta masa takardar zuwa ganin likitan ƙirji ko na kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.