Yadda Ake Auna Kabonet a Ruwa Mai Gishiri Sosai

Ɗalibin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, idan aka ba shi jiƙon kanwa mai gishiri ya auna kabonet, wato babban sinadarin da ke cikin kanwa, ya kamata ya fara sanin cewa alƙaluman da ke cikin littafinsa na ruwa ne marar gishiri. A irin wannan ruwa, a zafin digiri 25, pKw, wato ma'aunin yadda ruwa da kansa ke rabuwa zuwa ƙwayoyi masu caji, yana kan 14.0, asid kabonik kuma, wanda kabonet ke fitowa daga gare shi, yana da pK (ma'aunin ƙarfin asid) biyu, 6.35 da 10.33. A ruwan teku kuwa, waɗannan biyun sukan sauka zuwa kusan 5.9 da 8.9, domin gishirin da ya narke yana kewaye ƙwayoyin sinadarin masu caji, yana rage musu ƙarfin haɗuwa.

Saboda haka kada a dogara da ruwan daidaita na'urar auna pH (ma'aunin yawan asid a ruwa) na pH 4, 7 da 10 kaɗai, domin gishirinsu kaɗan ne. A tafasa tataccen ruwa don a kori iskar kabon dayoksaid, a bar shi ya huce a rufe, sannan a narka gishiri a ciki har ƙarfinsa ya yi daidai da na samfurin. A cikin wannan ruwan ne za a riƙa ɗiga asid haidrokulorik da aka san ƙarfinsa, ana rubuta abin da na'urar ta nuna bayan kowane ɗigo, domin ta daidaitu a irin ruwan da za ta yi aiki a ciki. Wannan mataki, a ganina, shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, kuma shi aka fi tsallakewa.

Daga nan a koma kan samfurin, a rufe bakin kofin, a riƙa ɗiga asid a hankali ana motsawa. Ƙananan kumfa da ke manne wa jikin gilashi alama ce cewa iskar ta fara fita. A gano ƙarshen aikin, wato inda asid ya cinye kabonet ɗin duka, da hanyar Gran ta 1952, wadda ke fitar da shi ta zanen lissafi daga abin da na'urar ta nuna.

A kula da zafi, domin a ranakun Afrilu na Bauchi, idan ruwan ya kai digiri 40, pKw yakan sauka zuwa kusan 13.5. Wajen lissafin tasirin gishiri a kan ƙwayoyi masu caji kuwa, ƙa'idar Debye da Hückel ta 1923 ta ruwa mai ɗan gishiri ce. Idan gishiri ya haura mol 1 (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne) a kilon ruwa, a yi amfani da ta Pitzer ta 1973, wadda ke aiki har kusan mol 6, inda gishirin girki ke daina narkewa.