Yadda ɗalibai za su zaga birnin Paris a lokacin hutu da ɗan guzuri

Kafin ku sayi tikitin bas ko na jirgi, ku fara duba takardunku. Wanda yake karatu a Faransa, Jamus, Italiya ko wata ƙasa ta yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, fasfonsa da katin izinin zamansa sun ishe shi, muddin ba su ƙare ba. Wanda yake Ingila kuwa da fasfon Najeriya ko Nijar, sai ya nemi biza, kuma da wuri.

Katin nan na izinin zama kada ya bar aljihunku, domin shi ne zai rage muku kashe kuɗi sosai. Gidajen tarihi na gwamnatin Faransa, irin su Louvre, Orsay da fadar Versailles, kyauta ne ga wanda bai kai shekara 26 ba kuma yana zaune a ƙasashen Tarayyar Turai. Ba ƙasar haihuwa ake tambaya ba, inda mutum yake zaune ake dubawa. Sai dai kyauta ba ta hana layi, don haka ku kama lokacin shiga ta intanet tun kuna gida.

Daga nan sai tsara ranaku, kuma nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Louvre ba ya buɗewa ranar Talata. Orsay, Versailles da Quai Branly, inda aka tara kayan tarihin Afirka, suna rufe ranar Litinin. Katin sufuri na mako, Navigo, daga Litinin yake fara aiki ya ƙare Lahadi, ko da ranar Alhamis aka saye shi. In kun sauka a ƙarshen mako, ku sayi tikiti ɗai-ɗai, sauran ku taka da ƙafa. Tsakiyar birnin ba shi da faɗin da ake zato.

A Louvre kada ku ce sai kun ga komai, ba zai yiwu ba. Ku zaɓi sashe biyu, misali na tsohuwar Masar da na fasahar Musulunci. Hoton Mona Lisa ɗan ƙarami ne a bayan gilashi, gabansa cike da mutane kowa ya ɗaga waya. Ku leƙa, ku wuce.

Hasumiyar Eiffel, wadda aka kammala a 1889, ba ta cikin na kyauta. Hawa da ƙafa zuwa bene na biyu ya fi arha, matakala 674 ne. A ganina ma ganinta daga dandalin Trocadéro bayan magariba ya fi hawanta daɗi, lokacin da fitilunta suke ƙyalƙyali na minti biyar a farkon kowace awa. Cocin Notre-Dame, da ya ƙone a 2019 aka sake buɗe shi a Disambar 2024, shigarsa kyauta ce.

In Juma'a ta same ku a gari, ku nufi Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926, kusa da lambun Jardin des Plantes. Bayan salla akwai wurin shan shayin na'ana'a a gefensa.

Batun ciki kuwa, kada ku ci abinci a gindin hasumiya. Ku sayi burodi da cuku a kanti, ku cika gorarku a famfunan titi masu launin kore, ruwan sha ne. In kewar gida ta taso, ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4 zuwa unguwar Château Rouge: kuɓewa, doya, manja, busasshen kifi da naman halal duk suna nan. Daga can tafiyar ƙafa ce zuwa tudun Montmartre. A matakalarsa akwai masu kama hannun baƙo su ɗaura masa zare, sannan su ce a biya. Ku sa hannu a aljihu, ku ce "non, merci", wato "a'a, na gode", ku ci gaba da hawa. Jaka kuma a rataye ta ta gaba, musamman a cikin jirgi.