Lasix da safe ake ba da shi

'Yan uwa ma'aikatan jinya, in an rubuta wa majinyacinku furosemide, wato Lasix, maganin da ke sa yawan fitsari don rage ruwa a jiki, ku ba shi da safe. In sau biyu ne a rana, na biyun kada ya wuce ƙarfe 2 zuwa 4 na yamma.

Dalili: ƙwayar kan fara aiki cikin awa ɗaya, ta yi kamar awa 6 tana fitar da ruwa. Ka ba tsoho ita bayan Isha'i, ka hana shi barci ke nan. Zai kwana zaryar bayi cikin duhu, ga jiri saboda jini ya sauka. Nan ake faɗuwa a karye ƙugu, kuɗin asibiti ya ninka.

Ku ce masa in zai tashi ya fara zama bakin gado tukuna. Ku riƙa auna nauyinsa kowace safiya da sikeli ɗaya, ya fi kallon kumburin ƙafa gaskiya. In ya ji ciwon jijiyar ƙafa ko kasala, a duba sinadarin potassium a jininsa, don Lasix kan rage shi.

Amma fa in ruwa ya taru a huhu, numfashi na sarƙewa, ba a jiran safiya, allura ce nan take bisa umarnin likita. Mai amai da gudawa kuwa, ko mai azumi, a tuntuɓi likita kafin a ba shi.