Kafin a auna muku hawan jini, ku ɗan zauna tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa.

In za ku auna hawan jini a kemis ko asibiti, kada ku miƙa hannu da saukowarku daga adaidaita sahu. Ku nemi benci ku huta minti 5.

Minti 30 kafin awon kuma, ban da goro, kofi da sigari. In fitsari ya matse ku, ku fara zagayawa.

Dalili kuwa, wanda ya ratso cunkoson Kantin Kwari da rana tsaka, zuciyarsa na bugawa da sauri, sai lamba ta haura. Hankali ya tashi, a kashe kuɗin magani a banza.

Ku jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu bisa tebur daidai ƙirji. A naɗe hannun riga, kuma ban da hira, ko da mai awon ɗan unguwarku ne.

Ku riƙa rubuta lambar da kwanan wata a ɗan littafi. In tana kai 140/90 a ranaku daban-daban, ku kai wa likita.

Amma fa in ta kai 180/120, ga ciwon ƙirji ko ido na ganin dishi-dishi, babu zancen hutawa. A wuce Asibitin Murtala ko mafi kusa nan take, don Allah.