Ƙananan gizo-gizon da ke shanye ganyen bonsai, ga yadda ake maganinsu

In kana ajiye bonsai, ƙananan bishiyoyin nan na cikin tukunya da Japanawa suka shahara da su, to ka sa ido da zarar iska ta bushe ƙura ta yi yawa. Cediyata haka ta yi min, ganye ya dusashe da ɗigo-ɗigon rawaya kamar an tsattsaga shi da allura, ni kuwa sai ƙara ruwa nake a tukunya ina cewa ƙishi ne. Ashe wasu mitsi-mitsin halittu ne a bayan ganyen suna tsotse shi, girmansu bai kai milimita 1 ba.

Gwajin ba wuya. Sa farar takarda ƙarƙashin reshe ka ɗan bubbuga, in ka ga ƙura tana tafiya da kanta to su ne. In har ka fara ganin yanar gizo tsakanin rassa, gaskiya sun daɗe a wajen.

Da farko ware tukunyar daga sauran. Sannan ka karkata ta ka wanke bayan ganye da ruwa mai ɗan ƙarfi, bayan fa, ba saman ba, don can suke, kuma ka rufe ƙasar da leda kar ruwan ya kwashe ta tunda tukunyar bonsai ba zurfi gare ta ba.

Sai man darbejiya, ƙaramin cokali 1 a ruwa lita 1 da ɗan ɗigon sabulun ruwa don su haɗu, ka girgiza sosai ka fesa da yamma. Kar ka kuskura ka fesa da tsakar rana, ganyen ƙonewa zai yi. Ka fara gwadawa a reshe ɗaya tukuna.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne feshi ɗaya su ce an gama. Ƙwai na nan, kuma da zafi cikin kamar mako guda sun ƙyanƙyashe sun girma har sun fara nasu ƙwan, don haka maimaita duk kwana 5 zuwa 7, aƙalla sau 3.

Maganin sauro kuma bar shi a ɗaki don Allah. Waɗannan dangin gizo-gizo ne masu ƙafa 8, yawancin maganin ƙwari ba ya kama su, sai ma ya kashe ƙwarin da ke cinye su. In abin ya faskara nemi maganin feshi mai sinadarin abamectin a shagon kayan noma, ka bi ma'aunin da ke jikin kwalba.